Wanzami a Ƙofar Gidan Gem

Fad ɗin farko da na gyara da hannuna a shagon Malam Adamu ne, a Gashua, kuma sai da na sha ranƙwashi kafin ya yi aiki. Fad shi ne abin nan da mai buga gem yake riƙewa yana dannawa. Yara ba su iya danna shi a hankali ba, kowa sai ya haɗa da ƙarfin tuwon da ya ci. Saboda haka baƙin da ke jikin robar ƙarƙashin maɓalli yakan goge, ka danna har yatsa ya yi ciwo, mutumin cikin talabijin yana tsaye ƙiƙam ana jibgarsa. Malam Adamu ya ce in kwance. Na kwance a kan cinyata, sukurori suka watse a ƙasa, ɗaya ya shige ƙarƙashin kanta. Ranƙwashin ke nan. Daga nan ya nuna mini yadda ake yi. Ka shimfiɗa farin ƙyalle tukuna, ka goge allon da auduga da ɗan sifirit, ka yanko takardar azurfar cikin kwalin taba 'yar mitsitsiya, ka manna ta a kan robar. Idan gam ya yi yawa maɓallin ya liƙe, ka ɓata aiki. Fad ɗin ya tashi, aka ci gaba da dukansa.

Na fara da wannan ne saboda samarin da suke zama a wajena da yamma sun ɗauka gidan gem ba sana'a ba ce. Wai ka tayar da janareta, ka miƙe ƙafa, yara su yi ta kawowa. Rannan kuma ɗan ƙanwata ya nuna mini wayarsa, wai yanzu an gama da matsalar yara da wasannin harbe-harbe, tunda kowane wasa an buga masa lambar shekarun da suka dace da shi. Na ce masa, yaro, wannan lambar ni na taɓa tsaronta da gaske, har mai gadi na ajiye mata. Zauna ka ji inda ta kai ni.

Malam Adamu asalinsa mai gyaran rediyo ne, mutumin Bade, gajere, mai faɗa, amma hannunsa da albarka. Mu 'yan Nguru ne, kakanninmu suka zo daga Hadejia da fatauci. Mahaifina ya kai ni wajensa bayan na gama sakandare da irin sakamakon da ba a nuna wa baƙo. Ina can, cikin shekarun casa'in, wani ɗan kasuwa ya kawo injin gem a gyara masa. Malam ya gyara, ya jona shi a talabijin don gwaji, kafin la'asar yaran layin sun toshe ƙofar shago har iska ba ta shigowa. Washegari ya kira kafinta ya yi masa benci. Ɗan kasuwar da ya dawo, injin bai koma gida ba, ciniki aka yi.

Injinan lokacin na kaset ne. Idan kaset ya ƙi tashi, yara sai su hure shi da baki, Malam kuwa ya tsani wannan, ya ce yawu ne yake cinye haƙoran kaset. Ni nake bi da tsinke da auduga ina gogewa. Wutar gari kuma ba ta da alƙawari, in ta zo ma wani lokaci da mugunta take zuwa, don haka kunnena kullum yana kan ƙarar sitabilaiza. Dokokin Malam ba su da yawa. Ana kiran salla zai zare waya daga bango, ko da kana dab da jefa ƙwallo a raga. Yaro da kayan makaranta ba ya zama a bencinsa, in ma ya cire rigar ya cusa a jaka, wandon zai tona shi. Maganar shekaru kuwa ba ta taɓa tasowa ba. Wasannin 'yan mutane ne kamar zanen yara, suna tsalle suna gudu, ko a na dambe jinin wasu jajayen ɗigo ne da ko kaza ba za su tsorata ba.

Da Malam ya yaye ni na dawo Nguru, na kama shago a unguwarmu, kusa da wata darbejiya. Lokacin injin faifai ya fara shigowa, shi kuma ga raki. Zafin Nguru kun san shi. Tun kafin azahar inji zai fara sheshsheka, hoto ya tsaya cak, yara su juyo suna kallona kamar ni na riƙe shi. Na koyi jiƙa buhu in shimfiɗa a ƙasa, in ɗora bulo, in ɗora injin a kai, fanka tana bugunsa. Idan idon da ke karanta faifai ya fara tsufa, sai ka kifa injin, cikinsa ya kalli sama, ya ƙara maka 'yan watanni. Faifan kuma a leda suke zuwa daga Kano, wani ka saya da hoton mota ka kunna ka tarar da dambe. Duk wanda ya ce wannan zaman banza ne, ya zo ya raba faɗan yaro da yaro a kan wa ya riga wa, janareta na tari a bayansa, uwar wani kuma ta aiko a faɗa masa baƙar magana.

Masu zuwa iri-iri ne. Akwai 'ya'yan alhazai da suke da inji a gida amma sun fi son inda za a gan su. Akwai yaran Fulani da suke shigowa ranar kasuwa bayan an gama cinikin shanu, su jingine sanda a bango, su nemi wasan mota, su riƙa karkata jiki gaba ɗaya idan za su sha kwana. Mafi yawa kuwa 'yan kallo ne, mutum ɗaya yana bugawa, goma suna bayansa suna ba shi shawarar da bai nema ba.

A cikinsu duka akwai Sale, ɗan abokina Gambo mai kifi. Ni da Gambo tare muka tashi. Shi bandar kifi yake lodawa zuwa kudu, in ya tafi sai ya yi makonni. Ranar da ya fara kawo yaron wajena, ya riƙo shi a hannu ya ce, "Habu, ga ɗanka nan. Na hana shi, na doke shi, ya ƙi hanuwa. Gara ya zauna inda idonka yake ganinsa. Amana na ba ka."

Na ce, "Ai ko ba ka faɗa ba."

Sale bai wuce shekara goma ba a lokacin, siriri, mai manyan kunnuwa. Wasan ƙwallo yake bugawa, kuma ya iya, har samari suna jin haushin yaro ya tayar da su daga benci. In an kira salla a gabana yake alwala. In an tashi daga Islamiyya sai na tambaye shi abin da aka biya musu kafin in miƙa masa fad. Yana da son ganin cikin abu, in ina gyara sai ya tsuguna yana kallon hannuna, har na fara tunanin nan gaba in ya gama makaranta zan koya masa aikin. Haka muka yi shekara biyu lafiya lau.

Wajen tsakiyar shekarun dubu biyu na sayar da babur ɗina, na haɗa da abin da na tara, na sayo kwamfutoci 'yan gwanjo. Wani mai kafe a bakin titi yana da farantin intanet, muka daidaita na jawo waya daga wajensa. Wani saurayi daga Kano, ana ce masa Injiniya, shi ya zo ya haɗa su. Ya yini yana murɗa wayoyi, da yamma ya ce in zo in ga abin da zai cika mini shago. Ya kunna wani wasa. Ba ka ganin kanka a ciki, bakin bindiga kawai kake gani a gabanka, kana bin lungu. Mutum ya ɓullo, ka harbe shi, jini ya fantsama a bango, ya faɗi yana nishi. In intanet ya yi kyau, waɗanda kake harbi mutane ne na gaske a wasu ƙasashe, kuna zagin juna ta abin kunne. Ni da nake yanka ragon layya da hannuna sai da na kau da kai.

Injiniya ya ɗauko kwalin ya nuna mini wata lamba a kusurwa. Ya ce, "Malam Habu, ka ga wannan? Wanda bai kai sha takwas ba ba ya bugawa. A can ko sayar masa ba a yi."

Na ce, "To a nan wa zai hana shi?"

Ya ce, "Ai kafin ka shiga sai injin ya tambaye ka shekarar haihuwarka."

Ya tambaya kuwa. Cikin mako guda duk yaran unguwarmu sun girmi kakanninsu. Yaron da majina ba ta gama bushe masa ba sai ya danna shekarar da ko Bulama, mai unguwarmu, ba a haifa ba, injin ya ce bismilla. Na ga in na bar wa inji, ba abin da zai hana. Sai na sa kafinta ya raba shagon da falanki, kwamfutoci suka koma ɗakin ciki, na rataya labule a ƙofar. Na ce daga yau ƙwallo da mota na kowa ne, bayan labule kuwa sai wanda ya kai.

Nan fa aka zo wurin. Wa ya kai? A unguwarmu ba wanda yake yawo da takardar haihuwa, da yawa ba a ma taɓa yi musu ba. Ka tambayi yaro shekarunsa, ya dube ka ido cikin ido ya ce sha takwas. Ka ce tsawo, ga wani dogo kamar gwangwala amma jiya aka yaye shi, ga wani gajere da ya ajiye iyali. Ina cikin wannan sai Allah ya nuna mini Baba Kyari.

Baba Kyari wanzami ne, Babarbare, a gindin darbejiyar nan yake shimfiɗa tabarmarsa tun kafin in san kaina. Babu ɗa namiji a unguwar da ba shi ya yi wa askin suna ba, ba shi ya yi wa kaciya ba. Shi ba ya lissafi da kalanda. Zai ce maka, wannan an haife shi a damunar da katangar masallaci ta faɗi, sa'an 'yar wane ce. Wancan kuma tare na yi musu da ɗan liman, ba su isa ba. Na je na tsuguna na gaya masa damuwata. Ya yi dariya ya ce, "Wato ni zan zama ɗan sandanka." Muka shirya, ni in riƙa gyara masa rediyo in aiko masa da shayi, shi ya matso da tabarmarsa daidai ƙofata. Yaro in ya nufi labule sai in dubi Baba Kyari. In ya gyaɗa kai, a shiga. In ya girgiza, a koma benci.

Kada ku ce abin bai yi aiki ba, ya yi. Ba yaron da ya isa ya yi wa Baba Kyari ƙarya. Iyaye suka yi ta sa mini albarka, Bulama da kansa ya tsayar da ni a ƙofar masallaci ya ce da kowa haka yake yi da an huta. Na ji daɗi, har na fara tafiya da ɗan taƙama.

Amma a hankali na fara ganin inda yake yoyo. Baba Kyari 'yan unguwa kawai ya sani. Ranar kasuwa yara su zo daga Machina da Karasuwa, ya dube su ya ɗaga kafaɗa, ya ce, "Wannan ba askina ba ne." Dogo ya wuce, ko da bai kai Sale ba. Ashe dokar 'ya'yan waɗanda na sani kawai take kamawa. Ga falankin nan kuma, yara suka huda shi da ƙusa, kowane rami da ido a jikinsa. Abin da ba su gani ba, manya su fito su ba su labari har da ƙari. Da yamma ka ga ƙanana a layi da karan dawa suna harbin juna, suna faɗuwa daidai yadda ake faɗuwa a ciki. Yaran da a da ba ruwansu, ƙwallonsu suke bugawa hankali kwance, yanzu ba su da magana sai ta mai lamba. Labulen da na rataya shi ya zama talla.

Sale ya roƙe ni ba sau ɗaya ba. Ya ce, "Baba Habu, sau ɗaya kawai. Wallahi na fi su Modu iyawa, kallo kawai na yi na gane."

Na ce, "Na san ka iya. Ba iyawa ake tambaya ba."

Ya ce, "To ɗan Machinan nan da ya shiga jiya fa? Ƙanina ne ma."

Na ce, "Shi ubansa bai ba ni amanarsa ba."

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, shago ya cika maƙil. Janareta ya shaƙe, na zagaya baya ina kwance fulogi ina gogewa. Abin da ya faru a lokacin daga baya aka ba ni labarinsa, ni dariyar ce ta fito da ni. Ashe Sale ya ɗauko kaftanin kawunsa, ya naɗe hannun, ya kafa hula zanna har gira, ya ƙanƙance ido, ya biyo bayan wasu samari yana sunkuyar da kai zai shige. Baba Kyari yana tsakiyar aske kan wani, ko askar bai ɗaga ba ya ce da ƙarfi, da gaisuwarsu ta Barebari, "Wushe, Alhaji Sale! Yaushe aka sauka?" Yaron ya tsaya. Tsohon ya ci gaba, "Kai ɗan nan, ba kai ne shekaranjiya na yi wa kaciya ba, ka cije ni a hannu, kana ihu Inna ki zo, Inna ki zo, har ka jiƙa mini riga? Ga tabon nan, ku duba!"

Shago ya ɗauki ihu. Na fito da fulogi a hannu na tarar samari suna riƙe ciki, ƙanana suna tafi suna rera Inna-ki-zo. Sale yana tsaye a tsakiya cikin rigar da ta fi ƙarfinsa, fuskar nan ba dariya ba kuka. Na daka musu tsawa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ya juya ya fita a guje, yana tattare kaftanin kada ya kayar da shi.

Baba Kyari bai yi da mugunta ba. Wasa ne irin na kaka da jika, haka yake yi wa kowa, ni ma ya sha faɗar nawa a gaban mutane. Da na yi masa magana sai ya ce, "Kai, yaro ne, gobe zai manta." Ni ma haka na ɗauka. Mun manta cewa abin da mai gemu zai yi wa dariya, ɗan shekara goma sha biyu a gaban samarin da yake so su ɗauke shi mutum, ba zai iya haɗiye shi ba. Sunan kuma ya bi shi, har makaranta, har filin ƙwallo.

Bai dawo ba. Na aika gidansu, uwarsa ta ce ai kullum yana fita da sunan wajena yake zuwa. Na bincika, aka ce mini a bayan tasha ake ganinsa. Dama a shekarar wani saurayi, Baballe, ya buɗe nasa gidan gem a can, ba labule ba wanzami.

Na je da hantsi, lokacin da ya kamata a ce yara suna aji. Rumfar kwano ce, duhu, hayaƙin taba kamar ana banda. Yara waɗanda ba su kai Sale ba suna zaune da abin kunne suna harbi, suna furta zagin Turancin da ba su san ma'anarsa ba. Manya suna caca a kan wa zai kashe wa. A ƙasa ga ledojin ƙwayoyin maye nan an yar. Na ja Baballe gefe na ce ya ji tsoron Allah, ya duba lambar da ke jikin kwalin nan.

Ya ce, "Malam Habu, ni ba wanzami ba ne. Wanda ya biya shi ne babba. In na kore su ma akwai wani a gaba."

Sale yana can lungu. Ba ma bugawa yake yi ba, taba aka aike shi ya sayo, yana riƙe da ita. Na ce, "Taso mu tafi. Bencinka yana nan, ba wanda ya iya ƙwallon tunda ka tafi."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Baba Habu, in na koma can me za su kira ni?"

Na ce zan hana su. Amma ni da shi duka mun san bakin yaran unguwa ba ya hanuwa. Na kama hannunsa, ya zame. Na dawo ni kaɗai.

Da Gambo ya dawo daga kudu na gaya masa, don ba a ɓoye wa mai amana halin da amanarsa take ciki. Na roƙe shi ya bi a hankali. Gambo mutum ne mai zuciya, kuma ya kwaso gajiyar hanya. Ya tafi tashar kai tsaye, ya fizgo yaron, ya zane shi da igiyar ɗaurin kwali a gaban direbobi da 'yan kamasho da masu shayi. Kunya ta hau kan kunya. Bayan 'yan kwanaki Sale ya bi wata motar kaya ya bar garin. Aka samo shi a Gashua aka dawo da shi, ya sake gudu. Makaranta dai shi ke nan.

Wannan ita ce muguwar shekarata a sana'a. Ƙanana sun koma wajen Baballe. Manyan ma suka fara binsu, don da yawa iyaye mata ne suke haɗa su da ƙannensu, a ce tafi da shi, ni kuma ba na barin ƙanin ya shiga. Da damuna ta yi tsakiya tsawa ta faɗo, ta biyo wayar da na jawo daga kafe, ta ƙone kwamfutocin. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, warin ƙonannen allo ya cika shago, ba abin da ya rage na ɗauka sai fankoki. Na cire labulen, na ba kafinta falankinsa. Ban ƙara sayen wata ba, daga baya ma na koma gyaran waya gaba ɗaya. Asarar ta yi mini ciwo, amma ba ita ce take hana ni sakewa ba in na tuna shekarar.

Gambo bai taɓa zagina ba. Wata rana dai muna zaune a gindin darbejiyar ya ce, "Habu, da ka bar shi ya buga abin nan a gabanka, ana kiran salla kana kashewa, da wataƙila yana nan."

Na ce, "Da na bar shi, da yau kana cewa ni na zaunar da ɗanka yana koyon kisa."

Ya ce, "Haka ne."

Tun daga nan zamansa a wajena ya ragu, sai gaisuwa a hanya.

Har yau ban ce abin da ke cikin wasan nan ya dace da idon yaro ba. Bai dace ba, kuma waɗanda suka buga lambar sun yi gaskiya. Amma lamba ba ta da hannun da za ta riƙe yaro. Inda ba mai tsaronta, ado ce a kusurwar kwali. Inda na tsare ta da iyakar ƙarfina, ta tsare ɗaki guda, garin kuma a buɗe yake. Ni ina ta lissafin wanda zai shiga, ban yi lissafin inda wanda na kora zai nufa ba. Garin neman gira muka rasa ido, kuma wannan baƙin cikin da shi nake kwana.

Bayan wasu shekaru aka aiko Malam Adamu ba shi da lafiya, na tafi Gashua duba shi. Na sauka a tasha da buhun gero da na kawo masa, ina waige-waigen mai ɗauka, sai na ji an sunkuce shi daga bayana. Wani saurayi ne, baƙi, busasshe, leɓɓansa sun ƙone da taba, ga wani dogon tabo daga kunne zuwa haɓa. Yana cikin masu lodin a-kori-kura ta Jakusko. Kunnuwan na gane.

Ya rusuna da buhun a kafaɗa ya ce, "Baba Habu, sannu da hanya. Ya mutan gida? Ya Baba Kyari?"

Na ce Baba Kyari ya rasu bara. Ya ce Allah ya jiƙansa, kuma na ji da gaske yake. Ya raka ni har bakin titi. Muna tafe na tambaye shi ko har yanzu yana buga wasan nan.

Ya yi murmushi ya ce, "Wane wasa? Ai Baba ban ma so shi ba. Sau nawa na buga? Juwa yake sa ni, har amai na yi. Ni ƙwallon wajenka na fi so. Kawai so nake a ce na shiga."

Na ce, "To me ya hana ka dawowa?"

Ya ce, "Da wace fuskar?"

Direba ya ƙwala masa kira da wani suna da ban sani ba, ya haɗa da ashar. Ya sauke mini buhun a kan babur ɗin haya, ya ɗaure shi tamau, na miƙa masa abin hannu ya ƙi karɓa, ya ce ɗa ba ya karɓar ladan uba. Ya koma a guje, ya kama ƙarfen motar ta baya ya ɗare, tana tafiya yana ɗaga mini hannu. Na tsaya ina lissafi irin na Baba Kyari, damuna bayan damuna, daga askin sunansa zuwa ranar. Ko a ranar, da zai zo ƙofar ɗakin cikin nan nawa, girgiza masa kai za a yi, don bai cika sha takwas ɗin ba.